Kaka Nomau, Wuƙaƙensa da Tafiyar Barka

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar kakana, Malam Nomau. Ina goyon ɗana na biyu aka fita da shi daga gidanmu na Gidan Dare, lokacin unguwar ba ta wuce 'yan gidaje da gonakin gero ba. Yau ni ce tsohuwar gidan, ni ake tambaya labarin da. Na duba na ga duk waɗanda suka san shi ido da ido sun ƙare, sai ni da wata ƙanwata da mantuwa ta fara kamawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na riƙe tun ban bi su ba.

Ba wanda ya san shekarunsa. Shi dai yakan ce an haife shi Sakkwato tana da ganuwa, ana ciniki da wuri, kuma gemunsa ya fara tsiro kafin Nasara su zo. Manomin shinkafa ne a fadamar Kwalkwalawa, sai da ƙarfi ya ƙare mahaifina ya ɗauko shi ya dawo da shi cikin gari. Amma da za a ta da mutanen wancan zamani a tambaye su, ba da noma za su tuna shi ba, da wasa wuƙa za su tuna shi. Ba sana'arsa ba ce, ba gado ya yi ba, bai kuma taɓa karɓar ko ɓarin goro a kanta ba. Sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru, wani ke zaman dara.

Ba ya ƙin wuƙar girki ko ta yankan layya in an kawo, amma ransa na ga 'yan ƙananan nan masu naɗewa, waɗanda ake jefawa a aljihu. Malami mai fiƙe alƙalami, mai goro, baduku, makiyayin da ya shigo gari cin kasuwa, kowa ya san zauren. Da hantsi za a shimfiɗa masa buzu a bakin ƙofa inda rana ke ɗan leƙowa, a ajiye masa ƙoƙon ruwa, da wani dutse mai launin toka da tsakiyarsa ta lotsa don aiki, da guntun kara, da jar fatar akuya da ya ɗaure a jikin itace. Sai ya buɗe wuƙar, ya hura gaɓarta, ya ɗiga mata man gyaɗa. Ya jiƙa dutsen, ya kwantar da bakin wuƙar, ya ɗan ɗaga bayanta kaɗan, ya fara turawa. Sautin da ke fita mai taushi ne, kamar ana tankaɗe a ɗakin maƙwabta. Na sha yin gyangyaɗi ina jin sa.

Abin da ya fi ba shi daɗi shi ne ƙarshen aikin. In an wasa gefe ɗaya har ya kai, wani ɗan siririn ƙarfe yakan lanƙwaso ta ɗaya gefen, ido ba ya ganinsa, sai dai babban yatsa ya ji shi yana ɗan karta. Kaka ƙaiƙayi yake ce masa. Yakan ce duk wuƙar da aka bar mata ƙaiƙayinta, yankan farko za ta yi kamar aska, na biyu ta koma kamar ba a taɓa ta ba. Don haka sai ya juya ta, ya sassauta hannu har ya zama nauyin wuƙar kaɗai ke kan dutse, ya ja ta cikin ɓargon kara, sannan ya dinga shafa ta baya-baya a jikin fatar nan, ba gaggawa, har yatsansa ya daina jin komai sai santsi. A nan ne yakan lumshe ido ya fara wani ɗan amo a maƙogwaro, waƙar da ba mu san harshenta ba.

Ranar nan na bi ta kasuwa na ga wani saurayi da injin wasa wuƙa, yana danna ta tartsatsi na tashi, kafin mai ita ya gama gaisawa an miƙa masa abarsa da zafinta. Ban ga laifinsa ba, abincinsa yake nema, mutane kuma sauri suke yi. Na dai tsaya ina tunanin da Kaka ne a wurin. Ba na jin zai yi faɗa, ba halinsa ba ne. Ina jin zai jira yaron ya sarara, ya ce ya ba shi wuƙar ya taɓa, ya shafa yatsa a bakinta, ya yi murmushi ya ce, "Saura kaɗan, ɗana." Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, sai dai a daɗe ba a je ba. Shi kam bai taɓa damuwa da daɗewar ba.

A shekarunsa na ƙarshe idanunsa sun rufe. Mijina direban babbar mota ne, yakan daɗe a hanya, don haka kusan kullum a gidanmu nake yini, ni ce mai miƙa masa ruwa da mai gaya masa wa ya shigo. "Kulu, matata," haka yake kira na, irin wasan kaka da jika. A wannan zaman ne ya ba ni labarin inda abin ya samo asali. Bai ba ni shi rana ɗaya ba. Gutsure-gutsure ya dinga fitowa, yau kaɗan gobe kaɗan, hannunsa na kan dutse.

Mahaifinsa, Sambo, attajirin tufafi ne a cikin birni, mai jakai da barori, yana aika sawaye da baƙin rini tare da ayarin da ke zuwa Gwanja a dawo masa da goro. Wata shekara madugun ayarin ya kawo masa tsarabar wata 'yar wuƙa mai naɗewa da mariƙin ƙaho, irin wadda ke fitowa daga bakin teku. Ba a saba ganin irinta ba a lokacin. Sambo ya ba ɗansa Nomau, wanda ya fara zama saurayi. Don ɗoki, Nomau ya kai ta jikin dutsen niƙa yana gurzawa, wai zai ƙara mata kaifi, har bakinta ya yi kaca-kaca.

Akwai wani bawa a gidan mai kula da jakai, ana ce masa Barka. Ba sunansa ba ne, sunan da aka sa masa ne bayan an sayo shi. Daga wata ƙasar duwatsu ta kudu aka kamo shi yana matashi, kuma a can gidansu maƙera ne. Yana wucewa da harawa a ka ya ga abin da ake yi, sai ya sauke kayan ya tsaya.

"Ɗan maigida, kashe ta kake yi," in ji shi. "Kawo."

Ya shiga rumfar jakai ya fito da wani dutse da ya tsinta a bakin gulbi wajen shayar da dabbobi, ya ɓoye shi don ya yi kama da na garinsu. Ya zauna a ƙasa, Nomau ya tsuguna kusa da shi. Da ya gama, sai ya kama yatsan yaron ya ɗora a bakin wuƙar, ya ce ya rufe ido ya ji. Kaka ya ce wannan ce rana ta farko da ya san yatsa na gani.

Daga nan kullum in rana ta yi sanyi, jakai sun ci sun sha, sai su haɗu a bayan rumfar. Nomau ya bi gida da maƙwabta yana tattaro duk wata wuƙa da ta dakushe. Barka na nuna masa, yana kuma ba shi labarin garinsu: duwatsu masu tsawo da gajimare ke sauka a kansu da safe, ruwa mai sanyi da ke fitowa daga cikin dutse ba a haƙa ba, gonaki hawa-hawa a jikin tudu, da uwarsa mai gina tukwane. Nomau bai taɓa ganin dutsen da ya fi ganuwar gari tsawo ba. Ya ce har mafarkin wurin ya dinga yi, yana ganin kansa yana hawa, gajimare na taɓa masa fuska kamar jiƙaƙƙen ƙyalle. 'Yan'uwansa suka sa shi gaba da zolaya, wai ɗan attajiri ya koma yaron bawa. Bai kula ba. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, kuma shi a wurin nan ya sami na biyunsa.

Haka suka yi 'yan shekaru, har lokaci ya yi da Sambo zai kafa ɗansa. Al'adar gidan ce a ba kowane namiji jakai da kayan da zai fara fatauci da su, ya bi ayari ya ga duniya. Nomau ya daɗe yana jiran wannan rana. Ana cikin shirin ne ya ji labarin cewa za a tura Barka rinji, ƙauyen bayi da ke noma wa maigida, can nesa da gari, domin an sami wani mai kula da jakai. Wanda ya shiga rinji kuwa ba safai ake sake ganinsa ba.

Nomau ya sami mahaifinsa a zaure bayan la'asar, ya durƙusa, ya ce yana roƙon a 'yanta Barka.

Sambo ya daɗe yana dubansa. Ba mugun mutum ba ne, in ji Kaka, mutumin zamaninsa ne. Ya ce, "Bawa dukiya ta, Nomau, kuma ba kai ɗai ka da haƙƙi cikin dukiyag ga ba. In kana son shi, sai dai cikin rabonka. Ko jakai da kaya, ko shi. Tahi ka yi tunani."

Na tambayi Kaka ko nan take ya ba da amsa. Ya yi dariya ya ce ina, sai da ya yi kwanaki yana zagaya jakan nan, yana shafa wuyansu, ya ma riga ya raɗa wa wata suna. Yana son tafiyar ƙwarai. Amma duk sa'ad da ya zauna wasa wuƙa sai hannunsa ya ƙi daidaita. A ƙarshe ya koma ya ce ya zaɓi Barka. Aka je gaban alƙali da shaidu, aka 'yanta shi.

A nan ne muryar Kaka takan canza in ya zo wurin. Shi a zatonsa Barka zai zauna. Ya riga ya tsara komai a ransa: za su roƙi gona a fadama, su yi noma tare, in rana ta yi sanyi su zauna da dutsensu kamar kullum. Da suka fito daga wurin alƙali sai Barka ya yi ta tafiya har suka kai gindin wata tsamiya. Nan ya tsaya ya ce, "Nomau, gida za ni."

Ranar ce ta farko da ya kira shi da sunansa.

Kaka ya ce ya yi ƙoƙarin hana shi. Ya gaya masa hanya ba lafiya, ana iya sake kama shi kafin ya kai, ba shi da tabbacin garin ma yana nan. Barka ya ce ya sani. Ya ce ko toka ya tarar, yana son ya ga tokar da idonsa. Nomau ya yi fushi, ya yini bai yi masa magana ba. Daga baya ya ce wa kansa, in har sai ya zauna inda kake so, to me ka ba shi?

Ayarin da Nomau zai bi, shi Barka ya bi, a matsayin ɗan dako, da niyyar rabuwa da su in sun kai mararrabar da ke kudu. Nomau ya raka shi har ƙofar gari da sassafe. Ya ciro wuƙar nan mai mariƙin ƙaho ya danƙa masa, ya ce matafiyi ya fi buƙatarta. Barka ya bar masa dutsen, ya kuma raɗa masa sunansa na gaskiya a kunne. Kaka ya tsaya yana kallon jakan da da nasa ne suna wucewa da wani a bayansu, da abokinsa da kaya a ka, har suka shige cikin dawa. Da ayarin ya dawo, madugu ya ce sun rabu da shi lafiya a bakin wani kogi, ya nufi gabas shi kaɗai. Iyakar labarin ke nan, ba a sake jin komai ba.

Ba a yi shekaru masu yawa ba Nasara suka ci gari, sannu a hankali bauta ta fara lalacewa, bayi suka dinga tashi suna tafiya ba wanda ya tare su. 'Yan'uwan Kaka, waɗanda suka yi fatauci suka gina gidaje, sai suka sami abin faɗa: da ka yi haƙuri kaɗan, da ya tafi a banza, kai kuma da jarinka. Shi kuwa yana can fadama cikin laka da sauro. Na taɓa tambayarsa kai tsaye ko ya yi da-na-sani. Na ɗauka zai ce a'a, irin amsar tsofaffi. Sai ya ce, "Na yi, matata. Shekarad da ruwa yac ci shinkahwata, kakarki na da ciki, ba mu da ko tiya guda, na yi. Amma ba ta kwana biyu ba ta wuce. Shekarun ga da 'yan'uwana ka cewa kaɗan na, ba su anka ɗaure cikinsu ba."

Yanzu Kwalkwalawa ta canza. Jami'a ta zauna kusa da ita, ɗalibai daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suna sauka sayen kifi da rake, kana jin harsuna iri-iri a bakin titi. Duk lokacin da na wuce nakan ga kamar ga shi can a gindin bishiya da buzunsa, yana tsayar da su ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya, "Ɗiyata, garinku akwai duwatsu?" Domin haka ya yi duk rayuwarsa. Bai taɓa wuce tafiyar yini biyu daga Sakkwato ba, amma ba baƙon da zai kawo masa wuƙa bai tambaye shi daga ina ya fito ba. Jikokina suna nuna mini a waya yadda ake ganin kowane gari daga sama, da tudunsa da rafinsa. Nakan rasa ko wannan zai faranta masa rai ko zai rage masa wani abu. Ƙasar da ya gina a cikin kansa ta fi shekara saba'in tana tsaye, ban san ko hoto zai kai ta kyau ba.

Saura kamar shekara biyu ya rasu, ya matsa sai in kai shi Sabon Gari, inda baƙi 'yan kudu suke. Mahaifina bai so ba, ya ce me makaho zai yi a can. Ni na riƙe masa sanda muka tafi. Muka sami inuwa kusa da masu sayar da doya da manja, na shimfiɗa masa buzu, ya ce in gaya musu ana wasa wuƙa kyauta. Da fari sun yi ta kallonmu, daga baya wata ta gwada, sai ga su suna kawowa. Muka mayar da shi al'ada, duk bayan 'yan kwanaki mu je.

Wata rana yana shafa wata 'yar wuƙa a fata, ya fara amon nan nasa. Wata tsohuwa mai sayar da citta a gefenmu, mai zane a goshi irin wanda ban saba gani ba, ta daina abin da take yi. Ta saurara. Da ya kai inda yakan tsaya, domin iyakar abin da ya iya ke nan, sai ta ɗauka daga nan ta ci gaba, da kalmominta, da wata siririyar murya mai rawa. Hannun Kaka ya tsaya cak. Bai juya ba, ya dai sunkuyar da kai har ta kai ƙarshe.

"Baba, ina ka samu wannan?" ta tambaye shi da Hausarta mai karye-karye.

Ya ce wani abokinsa ne ya bar masa. Ta ce waƙar masu ƙira ce a garinsu, mata ke yi in maza sun sauko daga tudu da sabon ƙarfe. Ya tambaye ta ko gaskiya ne gajimare na sauka kan duwatsun. Ta ce sosai, har akuya takan ɓace a ciki. Ya tambayi ruwan da ke fita daga dutse, ta ce da shi aka yi mata wankan jego. Sannan ya faɗa mata sunan nan da aka raɗa masa a ƙofar gari. Na ji shi da kunnena, amma harshena bai iya riƙe shi ba. Tsohuwar ta ce suna ne da ake sa wa yaron da aka haifa da ruwan farko, kusan kowane gida akwai mai shi. Ba ta san wanda yake nufi ba.

Na ɗauka abin zai karya masa zuciya. A hanyar dawowa sai na ji yana tafiya da sauri har yana jan sandar. Ya ce, "Kin jiya, Kulu? Garin na nan. Da mutane ciki."

Bai sake cewa a kai shi Sabon Gari ba.

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Mutane sun zo gaisuwa kamar yadda ake zuwa wa kowane tsoho, aka yi addu'a aka watse. Sai da babbar salla ta zo unguwa ta san abin da ta rasa, da magidanta suka ciro wuƙaƙensu suka tsaya suna duban juna, ba wanda ya taɓa koyon abin, tunda akwai mai yi. Har yau ina tuna wani maƙwabcinmu da ya zo ƙofar zauren da wuƙa a hannu, ya tsaya, sannan ya tuna, ya juya yana share ido.

In aka auna da ma'aunin kasuwa, Kaka bai bar komai ba. Gonar an raba ta an sayar. Gidajen 'yan'uwansa attajirai ma, da aka yi ta yi masa gori da su, ba ko ɗaya da ke tsaye yau. Wuƙaƙen da ya wasa sun cinye, domin kowace wasawa rage ƙarfe take yi, shi ma ya san da haka. Cikin jikokinsa da tattaɓa-kunnensa ba wanda ya ɗauki sha'awar, ni ma kallo kawai na iya.

Amma an ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma ba dole ne mai shi ya ga inda ya manne ba. Nakan zauna in yi tunanin wani gida a jikin tudu, can inda ban taɓa zuwa ba, da yara suna koro awaki, da tsohuwa kamata tana ba su labarin kakansu da ya ɓace shekaru ya dawo da ƙafarsa. Ba su san sunan Nomau ba, ba kuma lalle su sani ba. Wataƙila akwai gidan, wataƙila babu. Kaka ya rayu ya mutu bai sani ba, kuma rashin sanin bai sa ya janye abin da ya bayar ba ko a zuciyarsa.

A jinyarsa ta ƙarshe, da nake kusa da shi ina gyara masa shimfiɗa, na ji abin da yake faɗa bayan ya sallame salla. Ya roƙa wa iyayensa, ya roƙa wa kakata, ya roƙa mana. Daga ƙarshe ya ce, "Allah ka sa ya isa gida." Mutumin da ya tafi tun kafin a haifi mahaifina, wanda ko ya isa ko bai isa ba ƙasa ta daɗe da rufe shi, amma Kaka na roƙa masa sauka lafiya kamar jiya ya fita.

Tun daga ranar na ɗauki addu'ar, ban kuma ajiye ba. In na idar da salla nakan ce Allah ya jiƙan Malam Nomau, ya haskaka kabarinsa. Sannan in ce, Allah ka sa Barka ya isa gida.